Sharhi kan aikin shimfiɗa kafet a gidana da ke Gusau da yadda muka sasanta

Kafet ɗin da na saya a wani shago da ke cikin kasuwa a Gusau ba ni da abin faɗa a kansa sai yabo, domin yana da kauri, saƙarsa a matse take, kuma launinsa bai koɗe ba duk da ranar da ke shigowa ta tagar falo. Ƙorafina yana kan mai shimfiɗawar da shagon ya haɗa ni da shi, wanda na ba kashi biyu cikin uku na kuɗin aikinsa kafin ya fara, bisa sharaɗin zan cika sauran idan ya kammala.

An yi aikin ne a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, kuma sabon daɓen siminti ne a falon. Na sanar da shi lokacin da magina suka gama, ya shafa daɓen da tafin hannu, ya ce ya bushe sarai. Duk wanda ya san gini ya san cewa siminti yana bukatar kwana 28 kafin ya yi ƙarfin da ake so, kuma fitar laima daga cikinsa takan ɗauki fiye da haka idan ana ruwa. Gwajin ba shi da wahala: a manna leda a ƙasa da salatif, a bar ta ta kwana, idan da safe an ga raɓa a ƙarƙashinta to daɓen bai shirya ba. Bai yi wannan ba, ya zuba gam, ya kwantar da soso, ya ɗora kafet. Ba a daɗe ba gam ya saki, tsakiyar falo ta kumbura, warin fumfuna ya cika ɗakin har yara suka daina zama a ciki.

Kuskure na biyu ya fi ɓata mini rai, saboda na ganganci ne. Faɗin bandir ɗin mita 4 ne, falon kuwa ya kai mita 5, don haka dole a yi haɗi. Maimakon ya kai haɗin bayan kujeru, sai ya ajiye shi daidai bakin ƙofa inda kowa ke takawa, sannan ya juya ƙyallen da ya ƙara, gashinsa ya kwanta saɓanin na babban. Da rana ta haska, sai ka rantse kafet iri biyu ne.

Da na kira shi, ya ce laifin magina ne, daga baya ya daina ɗaukar waya. Sai na ɗauki rasit da hotuna na nufi wurin mai shagon, kuma a nan ne na ga dattaku. Bai yi mini musu ba, ya ce: "Alhaji, ni na turo maka shi, kunyarsa tawa ce." Ya sa aka nemo yaron, ya kuma roƙi shugaban 'yan layinsu, wani dattijo mai ilimin addini, ya zo gida ya gani da idonsa. Dattijon ya ɗaga gefen kafet ɗin, ya danna soson da babban yatsa, ruwa ya taso. Mai aikin ya kafa hujja da cewa a gidana ya yi aikin, ina nan ban hana shi ba. Dattijon ya amsa masa cewa ko da yake a mazhabar Malikiyya mai sana'a ya fi ɗaukar alhakin biyan kayan da ya tafi da su wurinsa idan sun lalace, sakaci yana jawo biya ko a gidan mai kaya aka yi aikin, kuma sanin bushewar daɓe aikin wanda aka biya domin ƙwarewarsa ne.

An yanke cewa zai cire kafet ɗin ya shanya, ya kankare tsohon gam, ya sayi sabon soso daga aljihunsa, ya kuma sake shimfiɗawa kyauta bayan ɗaukewar ruwa a watan Oktoba. Mai shagon ya ba da sabon ƙyallen haɗi ba tare da karɓar ko sisi ba. Ni kuma dattijon ya ce: "Ka sassauta masa, ɗana, mai iyali ne," na yarda zan biya ragowar kuɗinsa idan aiki ya yi kyau. An rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, kuma ina ganin ragowar kuɗin nan da ke hannuna ita ce ta dawo da shi kan lokaci.

Aikin na biyu ya yi kyau, haɗin ya koma bayan doguwar kujera, gashin ya kwanta gefe guda. Shagon zan sake sayayya a wurinsa ba tare da fargaba ba. Mai shimfiɗawar kuwa ya iya aiki idan ana tsaye a kansa, amma ba zan tura shi gidan da ba za a sa masa ido ba, kuma har yanzu akwai tabon laima mai faɗin tafin hannu kusa da taga wanda wanki bai fitar ba.