Gargaɗi: kada ku kira lambar da ta fito a allon kwamfutarku

Jama'a, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe, sannan ku tura wa iyayenku da duk wani dattijo da kuka san yana taɓa kwamfuta. Akwai wata damfara da ta daɗe tana cin mutane a duniya da sunan gyaran kwamfuta, kuma ba sai mutum ya kasance sakarai take kama shi ba. Mai ilimi ma tana kama shi, domin tana zuwa ne daidai lokacin da hankalinsa ya tashi.

Kana cikin karatu a intanet, ko kana neman wani bidiyo, sai allon ya cika da wani saƙo ja ko shuɗi ɗauke da tambarin Microsoft ko na wani kamfanin antibairos, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga cuta. Wani lokaci har da ƙara mai firgitarwa, da murya tana maimaita cewa an kulle kwamfutarka, kada ka kashe ta, ɓarayi na kwashe bayanan bankinka. A ƙasa ga lambar waya, wai ta injiniyoyin kamfanin. Ka nemi inda za ka danna ka rufe, ka rasa. To ka kwantar da hankalinka, babu abin da aka kulle. Shafin intanet ne kawai aka tsara ya mamaye allo. Ka danne maɓallin Esc ka riƙe na ɗan lokaci, ko ka haɗa Ctrl da Shift da Esc ka buɗe Task Manager ka rufe burauzar gaba ɗaya. In ka sake buɗe ta ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan da kake kai, ka ce a'a. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ya kiran mutum haka kawai ya ce ya ga matsala a kwamfutarsa.

Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne mutumin da cuta ta shiga kwamfutarsa da gaske. Ya biya kuɗin antibairos, tana nuna masa kore, tana cewa komai lafiya, amma tallace-tallace na faɗowa ba gaira ba dalili, burauza na kai shi inda bai aike ta ba, kwamfutar na jan ƙafa. Ransa a ɓace, yana ganin an ci amanarsa, sai ya shiga Google ya nemi lambar kamfanin da ya sayar masa da manhajar. 'Yan damfara sun san wannan mutumin, shi suke jira. Suna buɗe shafuka masu kama da na kamfanonin, su sayi talla don lambarsu ta fito a sama. Abin ya yi yawa har Google ya sanar a 2018 cewa zai taƙaita tallan masu gyaran kwamfuta da ba su ne ainihin kamfanonin ba, amma har yau irin waɗannan shafuka na sulalewa su fito.

Ya kamata mu gane cewa gazawar antibairos ba abin mamaki ba ce. Tun asali aikinta kamar na mai gadi ne da aka ba shi hotunan ɓarayin da aka sani: wanda fuskarsa ke cikin hotunan zai tare shi, sabon ɓarawo kuwa yana iya wucewa, balle wanda mai gida ya riƙo hannunsa ya shigo da shi da kansa. Cibiyar AV-TEST da ke Jamus tana ƙirga sabbin manhajojin cuta da makamantansu sama da 450,000 a kowace rana. A 2014 wani babban jami'in Symantec, kamfanin da ke yin antibairos ɗin Norton a lokacin, mai suna Brian Dye, ya ce antibairos na kama kusan kashi 45 cikin 100 ne kawai na hare-hare. An samu ci gaba tun daga lokacin, yanzu manhajojin na lura da ɗabi'ar abin da ke gudana, ba kamanninsa kawai ba. Duk da haka babu wadda ke kama komai, kuma duk wanda ya ce maka tasa na kama komai, kasuwa yake ci da kai.

Da ka kira lambar, za a amsa maka cikin ladabi da natsuwa. Abu na farko da za a nema shi ne ka sauke wata manhaja, AnyDesk ko TeamViewer, ko ka buɗe Quick Assist da ke cikin Windows, ka karanto musu wasu lambobi ko ka shigar da waɗanda suka ba ka. Waɗannan manhajoji ne na halak da ma'aikatan kwamfuta ke aiki da su kullum, shi ya sa galibi antibairos ba ta cewa uffan. Amma daga lokacin da ka yi haka, kwamfutarka ta koma hannun ɗan damfarar. Kana zaune za ka ga linzami na yawo a allo da kansa.

Sai ya fara nuna maka abin tsoro. Zai buɗe Event Viewer, ya nuna maka jerin alamomi ja da rawaya, ɗaruruwa, ya ce duk ɓarnar cuta ce. Ƙarya yake yi. Wannan littafin ajiyar bayanai ne da Windows ke rubuta duk wani ɗan tuntuɓe da ta yi, kuma sabuwar kwamfuta da aka ciro daga kwali ma ba ta rasa su. Zai buɗe baƙin allon umarni ya rubuta netstat, ya nuna maka adireshin wuraren da kwamfutarka ke haɗe da su, ya ce 'yan kutse ne daga ƙasashen waje, alhali shafukan da ka buɗe ne, har da hanyar da shi kansa ya shigo. Wani kuma zai rubuta assoc, ya karanto maka wata doguwar lamba da ta fara da 888DCA60, ya ce lambar sirrin kwamfutarka ce, wai shaidar cewa daga kamfani yake. Lambar nan iri ɗaya ce a kwamfutocin Windows na miliyoyin mutane. Wallahi abin da ke min ciwo ke nan: ana ɗaukar abin da yake daidai a cikin na'urar mutum a mayar masa da shi dodo, saboda kawai bai taɓa leƙa wurin ba.

Bayan tsoro sai farashi. Gyara na yau, kariya ta shekara uku, kariya ta har abada. Wasu kan tsaya nan su yi awon gaba da abin da suka samu. Wasu kuma sai bayan watanni su sake kira, su ce kamfanin zai rufe, za a mayar maka da kuɗinka. Su sa ka shiga asusun bankinka suna kallo, su duhunta allon, su sauya lambobin da ke bayyana a shafin, ko su kwaso kuɗi daga wani asusunka zuwa wani, sai ka ga kamar sun turo maka ninkin abin da ya kamata. Nan mutumin zai fara roƙo, har da kuka, wai za a kore shi daga aiki in ba ka mayar da rarar ba. Kai kuma don tsoron haƙƙin wani sai ka tura kuɗinka na gaske. Ku lura da hanyar biyan da suke so: katin kyauta irin na Google Play ko Apple, kuɗin kirifto, ko tura kuɗi kai tsaye, duk hanyoyin da kuɗi ba ya dawowa in ya tafi. Babu kamfanin ƙwarai da ke karɓar kuɗin gyara da katin kyauta. Irin wannan tarkon ne kuma a cikin imel ɗin da ke zuwa da rasit na bogi da sunan Norton ko McAfee, wai an sabunta maka rajista an cire kuɗi, ka kira lamba in kana son sokewa.

Kada kuma a ɗauka sai ɓoyayyun ɓarayi ke wannan. A 2019 kamfanin Office Depot na Amurka da abokin aikinsa Support.com sun amince su biya dala miliyan 35 bayan hukumar kare masu saye ta ƙasar, FTC, ta tuhume su a kan wani binciken kwamfuta na kyauta. Ana yi wa mutum tambayoyi huɗu, irin su ko kwamfutarsa na jan ƙafa. In ya amsa e ga ko da guda ɗaya, sai rahoto ya fito cewa an ga alamun cuta, a tallata masa gyara mai tsada. An shafe shekaru ana haka, daga 2009 zuwa 2016. A 2024 kamfanonin Restoro da Reimage da ke ƙasar Sayifurus sun amince su biya dala miliyan 26 a kan tuhuma makamanciyar wannan, bayan jami'an hukumar sun gwada manhajarsu a kwamfutoci masu lafiya ta ce akwai matsala. Saboda haka kamfani na da rajista da ofis da shafi mai kyau bai isa ya sa ka miƙa wuya ba. A 2023 kaɗai, hukumar FBI ta Amurka ta karɓi ƙorafi sama da 37,000 a kan wannan damfara, asarar ta haura dala miliyan 900, kuma fiye da rabinta a kan mutanen da suka wuce shekara 60 ta faɗa. Wannan na waɗanda suka kai ƙara ne kawai, da yawa kunya ke hana su.

In kwamfutarka ta kamu da gaske, ka cire ta daga intanet tukuna. Windows 10 da 11 na zuwa da Microsoft Defender kyauta, kuma a cikinta akwai binciken da ake kira Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika ta kafin cutar ta samu damar ɓuya. Ka duba ƙarin manhajojin da ke maƙale a burauzarka, ka cire duk wadda ba ka san da zuwanta ba, ka kuma soke izinin sanarwa da ka ba shafukan da ba ka sani ba, domin yawancin gargaɗin bogi da ke faɗowa a gefen allo ta nan suke shigowa. In abin ya gagara, ka kwashe takardunka da hotunanka ka sake ɗora Windows daga tushe, ko ka kai wa mai gyaran da za ka gani ido da ido. In kamfanin antibairos kake nema, ka bi ta cikin manhajar da kanta ko ka rubuta adireshinsu da hannunka.

Wanda kuma ya riga ya ba su hanya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kashe intanet, ya cire manhajar da suka sa shi saukewa, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'urar daban, yana farawa da na imel, sannan ya kira bankinsa nan take ta lambar da ke bayan katinsa. Ya kuma shirya wa kira na gaba, domin sunayen waɗanda aka damfara na yawo a hannunsu. Wani zai bugo ya ce shi lauya ne ko jami'in tsaro, zai ƙwato maka kuɗinka in ka biya wani abu tukuna. Su ne dai suka sake dawowa, ka kashe wayar.