Na bi kwas ɗin adon harshen Latin ta intanet: ga abin da na gani

Wanda ya saba da ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa ko arulin Larabci zai ji daɗin rabin farko na wannan kwas. Bidiyo ne gajeru da sautin karatu, kuma malamar ba ta barin ɗalibi ya tsaya ga kallon baiti da ido. Sai ta rera shi, kai ma ka rera, sannan ta yi bayani. Wannan kaɗai ya isa kuɗin da na biya.

Waƙar Rumawa ta zamanin dā ba ruwanta da amsa-amo. Nauyin gaɓa ne ginshiƙinta, kamar yadda yake a wurinmu. A waƙar Aeneid mai littattafai 12, wadda mawaƙinta Birjil ya rasu bai gama gyara ta ba a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kowane baiti ƙafa shida ne. Ƙafar kan zo da gaɓa mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko kuma masu nauyi biyu. Malamar ta ɗauko baituka biyu daga littafi na 8. A baiti na 596 dawaki ne ke sukuwa, ƙafafu biyar a jere duk masu gudu, har kana jin kofato na dukan ƙasa. A na 452 kuwa maƙera ne ke ɗaga hannuwa da ƙarfi don dukan ƙarfe, sai gaɓoɓi masu nauyi suka biyo juna, harshe ya yi ta jan jiki. Ban san iyakar maimaita su da na yi ba. Ko ba ka fahimci kalma ɗaya ba, kunnenka zai gaya maka inda ake gudu da inda ake aikin wahala.

Darasin raba sifa da sunanta ma ya yi armashi. Da yake ƙarshen kalma ne ke nuna aikinta a jimlar Latin, mawaƙi na iya ajiye sifa a farkon baiti ya bar sunan sai ƙarshe, mai sauraro na jira.

Da aka zo kan zube ne na ji ƙarfin kwas ɗin ya ragu. Jawabin farko da Sisero, ɗan siyasar Rum mai fasahar magana, ya yi na sukar Katilina, wanda ya ƙulla makircin kifar da gwamnati, a gaban majalisar dattawan Rum a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa ya cancanci a zauna masa. Da tambayoyi ya buɗe, waɗanda ba amsa yake nema ba, sannan ya maimaita kalmar nihil (wato “ba komai”) sau shida a jimla guda, yana lissafa masu gadin dare, tsoron jama'a da fuskokin dattawa. Amma a gurguje aka wuce shi, ba a ma karanta shi da murya ba, alhali don kunne aka tsara shi. Hakan ya dame ni ƙwarai.

Jarrabawar ƙarshen kowane mako ita ma haddar sunayen Girkanci ce zalla, irin su anafora (maimaita kalma a farkon sassan jimla) da kayasmus (juya jerin kalmomi a sashe na biyu). Da an ba mutum baiti an tambaye shi abin da salon ya ƙara wa ma'ana, da ya fi amfani.

Bidiyon na cin data, kuma ba a iya sauke su. Wanda bai taɓa nahawun Latin ba ya fara da shi tukuna, don tun darasi na uku ake ɗauka ka san yadda sunaye ke sauya ƙarshensu.