Ɗakin Shayi a Ƙasa da Ɗakin Shayi a Sama: Tai-an da Takasugi-an

Malam, ka tambaya ko ɗakin nan na Japan da ke tsaye kan itatuwa ɗakin shayi ne na gaskiya, wato irin wanda Japanawa ke keɓewa don shan shayi bisa al'adarsu, da kuma inda ya bambanta da na gargajiya. Mu ɗauki guda biyu mu jera su.

Na gargajiyar shi ne Tai-an, kusa da Kyoto, wanda ake danganta wa Sen no Rikyu, shahararren gwanin al'adar shayi, wajen 1582. Wurin zamansa tabarmar tatami biyu ce kacal, kowace kimanin santimita 191 da 95. Na saman kuwa Takasugi-an ne, wanda masanin zanen gine-gine Terunobu Fujimori ya gina a garin Chino a 2004, kimanin mita 6 daga ƙasa. Ma'anar sunan ma ita ce ɗakin da ya cika tsayi.

A irin Tai-an, baƙo zai ratsa lambu, ya wanke hannu da baki a kwarmin dutse, sannan ya shiga ta ƙofar da ake kira nijiriguchi, wadda galibi ba ta wuce santimita 70 kowane gefe ba. Dole ya durƙusa, ko basarake ne. A Takasugi-an tsani ne ke wannan aikin: ka hau, ka cire takalmi a tsakiyar hanya, ka ƙara hawa. A ganinmu wannan ne ya sa ya cancanci sunan ɗakin shayi, domin kafin ka kai ga shayin jikinka ya riga ya rusuna. Sai dai Tai-an yana rufe ka da bangon laka da ƙananan tagogin takarda, shi kuma wancan yana buɗe maka taga ka hangi gari.

Wajen tsayuwa ne tazarar take da yawa. Ginshiƙan na gargajiya kan duwatsu suke zaune, don kada danshi ya hau katako. Takasugi-an kuwa ba kan itace mai rai yake ba. Gungumen itace biyu aka saro daga kan tsauni aka kafa, shi ya sa yake lilo in mutum ya motsa. Irin wannan, gindin gungumen ake sa wa ido, nan ruɓa ke farawa.

Mai son gini kan itace mai rai, matsalarsa daban ce. Itacen yana ƙara kauri duk shekara, kuma in biyu ne, iska ba ta kaɗa su tare. Don haka ake ɗaure katakon ɗaukar nauyi da ƙusa mai kauri a gefe ɗaya, ɗayan gefen a bar shi yana zamewa kan ƙarfe. In aka ƙulle duka biyun, ko katako ya tsage ko ƙusa ta lanƙwashe. A bar ratar santimita 5 zuwa 8 tsakanin daɓe da jikin itacen. Kada a naɗe shi da waya ko igiya, domin abincinsa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, in aka shaƙe wurin sai ya bushe.