Dunƙulen 3D na hanya a Civil 3D: daga korido ko daga fuskar ƙasa?

Ƙanena injiniya, ka ce ka gama zanen wani titi mai kilomita biyu a nan cikin garin Damagaram da Civil 3D, manhajar kwamfuta ta zanen hanyoyi, masu aikin kuma sun nemi ka ba su kowace shimfiɗa a matsayin dunƙulen 3D, wato siffa mai ciki da ake iya auna girmanta, tare da adadin marmarar da za ta ci. Tambayarka ita ce: ka ciro dunƙulen kai tsaye daga korido, wato samfurin 3D na hanyar da manhajar ke ginawa, ko daga fuskar ƙasar da ka gina a kansa? Na yi aiki da duka biyun, kuma ba abu ɗaya suke bayarwa ba.

Mu fara da na korido, wanda masu Civil 3D na Faransanci ke gani da sunan projet 3D. Umarnin shi ne Extract Corridor Solids. Abin da yake yi, yana ɗaukar kowace rufaffiyar siffa da ke cikin yankan hanyar, wato Pave1, Pave2, Base da SubBase, ya ja ta daga tasha zuwa tasha, wato wuraren da ake ɗora yankan a tsawon hanyar, har ta zama dunƙule. Kwalta daban, tsakuwa daban, marmara daban, kowanne da kaurinsa da gangaren gefensa yadda ka zana. Yana ba ka zaɓi ka zuba su a zanen da kake ciki, ko a wani zane, ko a sabo fil. Ni kullum sabo nake buɗewa idan titin ya yi tsawo, don dunƙulen na da nauyi, kwamfutocinmu kuma ka san halinsu da zafin watan Afrilu.

Na fuskar ƙasa kuwa, Extract Solids from Surface, bai san wata kwalta ko marmara ba. Alwatikan da aka haɗa fuskar da su kawai yake gani. Kai za ka gaya masa inda zai tsaya: zurfi kaza, ko wani tsayi tsayayye, ko wata fuska ta biyu. Idan ka ce santimita 20, zai sauka tsaye cak da kauri ɗaya ko'ina, gefen ya fito kamar an yanka da wuƙa. Shimfiɗar hanya ta gaskiya ba haka take ba, gindinta ya fi samanta faɗi. Don haka a batun shimfiɗu, korido ya yi masa fintinkau.

Amma akwai inda korido ke gazawa, kuma nan ne matasa da yawa ke ruɗewa. Gangaren da ke haɗa hanya da ƙasar asali layi ne kawai, ba rufaffiyar siffa ba ce. Saboda haka ciko da haƙa ba za su fito maka dunƙule daga korido ba, sai dai fata marar ciki. A nan na fuskar ƙasa ke da amfani: ka gina fuskar gindin hanyar, ka sa ƙasar asali ta zama fuska ta biyu, sai cikon ya fito. Ina ba ka shawara ka raba wurin ciko da wurin haƙa da iyaka tukuna, domin inda fuskokin biyu suka ratsa juna nan na fi shan wahala.

Yanzu abin da na fi so ka riƙe: tazarar tashoshi. Dunƙulen korido daga tasha zuwa tasha ake gina shi, to a kwana miƙaƙƙun guntaye yake jerawa. Ɗauki kwana mai radiyo mita 50, irin wadda ba a rasawa a titunan cikin gari. Idan tazararka mita 25 ce, tsakiyar guntun zai kauce wa kwanar gaskiya da kusan mita ɗaya da rabi. Mayar da tazarar mita 5, kaucewar ta koma wajen santimita 6. Na taɓa ganin dunƙulen da ya nuna lambatu ya haye bututun ruwa, aka tayar da hankali, ashe tazarar ce ta yi faɗi. Ka matse ta a kwanoni da mahaɗa da bakin dalo, wato kwalbati, kafin ka ciro komai. A miƙaƙƙen wuri, irin dogayen sassan hanyar Tanout, ba sai ka wahalar da na'ura ba.

Batun adadin marmara, umarnin MASSPROP zai ba ka girman kowane dunƙule, kuma yana da kyau ka duba. Ka gwada da lissafin kai ma: faɗi mita 7, kauri santimita 20, kilomita ɗaya, kubik 1400 ke nan kafin a ƙara gefe. Idan dunƙulen ya yi nisa da wannan, akwai siffar da ba ta rufe ba ko yankin da ya maimaitu. Sai dai kada ka kai wa ofishin sa ido wannan adadi a matsayin na biyan kuɗi. Su yanka-yanka suke bi, a haɗa girman filin yanka biyu, a raba biyu, a ninka da tazara, kuma da haka za su auna a fili. Ka fitar musu da teburin Compute Materials, umarnin da ke lissafa kayan aiki daga yanka-yanka, dunƙulen ya zama shaida ta biyu.

To ga titinka: shimfiɗu, bakin titi da lambatu ka ciro daga korido, ka bar kowanne a layarsa, wato rukuninsa a cikin zanen, da sunan da mai karɓa zai gane ko da ya buɗe a manhajar Navisworks ko ta fayil ɗin IFC da ake musayar zane da shi tsakanin manhajoji. Ciko da haƙa daga fuskar ƙasa, idan har sun nema. Ka kuma tuna cewa wanda ka zuba a wani zane ba ya bin gyara, in ka taɓa tsayin hanyar sai ka sake cirowa. Turo mana hoton yankan titin a nan mu ga ko siffofin sun rufe.