Kafin ka zaɓi kayan zana katin sababbin kalmomi

Mai son koyar da sabuwar kalma ta hanyar zane yakan fara da tambayar wace manhaja zai sauke. Salon haruffa ya kamata ya fara dubawa, domin a nan aiki ya fi lalacewa. Rubuta ɓera, ɗaki, ƙofa, sannan ka sake rubuta su da manyan baƙaƙe, Ɓ, Ɗ, Ƙ. Idan salon ba shi da haruffa masu lanƙwasa, manhajar za ta aro su daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fi sauran siranta ko kauri, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Mai koyo kuwa siffar da ya fara gani ita ke zama masa a ka.

Ga masu fara karatu, salon Andika na SIL, wata ƙungiyar nazarin harsuna, shi ne zaɓin farko. An ƙera shi ne domin koyon karatu: haruffansa "a" da "g" irin na rubutun hannu ne, kuma ya bambanta babbar I da ƙaramar l da lamba 1. Charis, shi ma na SIL, ya fi dacewa da jimlar misali da ke ƙasan kalma. Noto Sans na Google yana da kauri hawa-hawa, daga siriri har zuwa mai ƙiba, abin da ke da amfani idan kaurin harafi ne zai nuna ma'ana. Dukansu kyauta ne. Salo biyu sun isa kati ɗaya.

Sai manhaja. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: hoto zan ajiye kusa da kalma, ko kalmar ce da kanta za ta zama hoto? Idan na farko ne, Canva ta wadatar, har a waya tana aiki. Sai dai ɗora salon haruffanka na kanka yana buƙatar asusun biya, don haka gwada ɓ da ɗ da ƙ a cikin salon da take da su tun kafin ka yi nisa.

Idan kuwa so kake ka miƙe "dogo" har ta kusa taɓa saman kati, ka raba "tsage" gida biyu, ko ka kwantar da "karkace" gefe guda, to kana buƙatar manhajar da ke zana da layi, wadda zanenta ba ya dusashewa komai girman da aka ba shi. Inkscape kyauta ce kuma tana yin wannan sosai: ka zaɓi kalmar, ka danna Object to Path, kowane harafi ya koma siffar da za ka ja ko ka lanƙwasa. Ajiye kwafi kafin nan, domin daga lokacin ba a iya gyara kuskuren rubutu. Raunin Inkscape shi ne CMYK, tsarin launi da injinan ɗab'i ke aiki da shi, wanda Adobe Illustrator ta fi ƙwarewa a kai, amma ita biyan kuɗi ake yi wata-wata ko shekara-shekara. GIMP ta gyaran hoto ce. Harafin da aka faɗaɗa a cikinta bayan an mai da shi hoto yakan fito da gefe kamar haƙoran zarto.

In za a buga, katin A5 milimita 148 ne da 210, wato ɗigo 1748 da 2480 a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Duk yadda ka murɗa kalmar, sake rubuta ta a miƙe a ƙasan katin, baƙi a kan fari. Sannan buga kati ɗaya tak, ka manna shi a bango, ka koma inda mai zama a layin ƙarshe na aji zai zauna. Idan lanƙwasar ɗ ta ɓace daga can har ta yi kama da d, ƙara girma ko kauri kafin ka buga sauran.