Fitilar UV da koren ruwa: abin da na gani cikin wata huɗu

Tankin kifina na gilashi lita 80 yake ci, yana falo kusa da taga a gidanmu da ke Yelwa, cikin Garwa. Ƙananan kifayen ado, gufi da moli, ne a ciki. A watan Maris, da zafi ya kankama, ruwan ya fara sauya launi, kafin mako biyu ya koma kamar an kaɗa miyar kuka. Autata ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, kifayen sun tafi ne?" Suna nan, ganinsu ne ya gagara. Sau uku ina kwashe rabin ruwan in zuba sabo, bayan kwana uku koren ya dawo.

Wani abokina mai zuwa Duwala ne ya taho min da fitilar UV, wato mai hasken da ke kashe ƙananan halittun cikin ruwa, mai wat 9, irin wadda ake nitsarwa a ruwa, da ɗan famfonta a jiki. Jaka goma sha biyar na biya.

Famfon yana zuƙo ruwa ya bi da shi ta gefen ƙwan fitilar da ke rufe a cikin baƙar roba. Hasken ƙwan yana lalata ƙwayar halittar gansakukar da ke yawo a ruwa tana mayar da shi kore, sai ta kasa hayayyafa. Na rage ƙarfin famfon, domin idan ruwa ya wuce da gudu hasken ba ya samun damar yin aikinsa. Rana ta uku koren ya dusashe ya koma fari-fari, rana ta shida ina iya ƙirga tsakuwar ƙasan tankin. Ban zuba magani ko ɗigo ba, kuma ban rasa kifi ko ɗaya ba. A wannan fannin ba ni da abin kushewa.

Amma a kwanakin nan shida na sha fargaba. Gansakukar da ta mutu tana ruɓewa, ruɓewar tana cinye iskar da kifi ke shaƙa, ga shi ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska sosai. A Garwa kuwa zafin bazara yana haura digiri 40. Wata asuba na tarar da kifayen sun taru a sama suna haki, dole na canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan, na bar injin kumfa, mai hura iska a cikin ruwa, yana aiki dare da rana. Duk mai niyyar kunna wannan fitila a bazara ya tanadi injin kumfa tukuna.

Abin da ba a gaya min ba shi ne, fitilar tana kashe abin da ya bi ta cikinta ne kawai. Gansakukar da ta manne a gilashi, da mai kama da gashi da ke nannaɗe duwatsu, ko gezau. Su sai da soso da hannu, sai kuma gyara abin da ke ciyar da su: haske da ragowar abinci. Hasken taga yana dukan tankin tun hantsi, fitilar samansa tana kunne har dare, ni kuma ina barbaɗa abinci sau uku a rana. Abin da kifi bai ci ba, da kashinsa, su ne ke zama naitiret da fosfet, takin gansakuka ke nan. Na matsar da tankin daga taga, na mayar da haske awa 7, abinci sau ɗaya, daidai abin da za su cinye cikin minti biyu.

Wadda ta fi taimaka min a nan ita ce kainuwa. Na samo 'yan ƙanana daga bakin Binuwai, saiwarta na shanye takin, ganyenta na yi wa ruwan inuwa. Sai dai na roƙe ku, kada ku jefa ta kai tsaye. Katantanwar kogi kan maƙale a saiwar, kuma a cikinsu akwai masu ɗauke da cutar tsargiya. Mako uku ta yi a bokiti daban, ina dubawa da safar hannu, kafin ta shiga tankin.

Ƙwan fitilar yana rage ƙarfi ko da yana haske, ana so a sauya shi tsakanin wata shida zuwa shekara, kuma a kasuwarmu ban ga irinsa ba, sai an aika kudu. Yawan ɗauke wuta ma yana rage masa kwana. Kada kuma a zare shi daga robarsa a kunna don a gani, yana ƙona ido da fata.

Wanda ruwansa ya zama kore shar, ya saya, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Wanda gilashinsa ne ke yin kore alhali ruwan garau yake, ya riƙe kuɗinsa ya sayi labule da soso. Tawa yanzu tana cikin kwali tun watan Mayu, na wanke ta na ajiye wa bazara mai zuwa.