Raunin da ba ya warkewa da barcin dare ɗaya: sharhina kan Blades in the Dark

Mun daɗe muna buga Dungeons & Dragons bugu na 5, wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi ana jefa ɗan ludo, ni da abokaina huɗu, kuma har gobe ina sonsa. Abu ɗaya ne ya riƙa tsaya mini a rai. Jarumi zai sha sara har makin ransa ya koma 1, amma ya ci gaba da yaƙi garau, ya kwanta hutun awa 8, ya wayi gari babu ko tabo. Wannan ya sa na sayi Blades in the Dark, wasan da John Harper ya fitar a 2017, inda ake taka rawar gungun ɓarayi a birnin Doskvol mai duhu da fatalwa.

A nan babu makin rai kwata-kwata. Idan aka ji wa jaruminka ciwo, sunan ciwon kake rubutawa a takardarka: targaɗe, sara a kafaɗa, karayar ƙafa. Mataki huɗu ne. Na farko yana rage tasirin abin da ka yi, na biyu yana ɗauke maka ɗan ludo guda daga waɗanda za ka jefa, na uku kuwa ba ka iya motsi sai da mai tallafa maka ko ka matsa wa kanka. Na huɗu mutuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne raunin ba ya aiki sai inda ya shafa. Mai karyayyen hannu zai iya tsara ɗan kasuwa da baki lafiya lau, amma ranar da aka ce a haura katanga, nan zai san yana da ciwo.

A zamanmu na uku wani abokina ya sa jarumarsa ta diro daga rufin sito tana gudun masu gadi. Jifan bai yi kyau ba, ni kuma da nake jagorantar wasan na ce masa ƙafa ta karye. Yana da damar ya rage raunin ta hanyar ɗaukar makin damuwa, wanda yawansa shi ne 6 a cire mafi girman abin da ya jefa, sai dai gurbin damuwa 9 ne kacal kuma nasa ya kusa cika. Ya yi shiru, can ya ce, “Malam, bar ta ta karye.” Daga nan wasan ya canja. Sauran suka ɗauko ta a kafaɗa, suka shiga lungu-lungu neman mai ɗori wanda ba zai kai su ƙara ba, suka ci bashin da ya zame mana labarin zama biyu. Ban tsara ko ɗaya daga ciki ba.

Jinya tana da agogo mai gida 4, wato da'irar da ake cike gidajenta yayin da ake jinyar. Tsakanin sata da sata kowa yana da ayyuka biyu kyauta, ƙari sai da kuɗi ko suna. Idan agogon ya cika, kowane rauni ya sauko da mataki ɗaya, na mataki na farko ne kawai ke tafiya. A nan ne nake da ƙorafi. Karaya tana cin lokaci sosai, har mai ita ya riƙa kashe ayyukansa duka a jinya yayin da ’yan uwansa ke horo da ƙulla harka. Na ga fuskar abokin nan ta sauya a mako na biyu, kuma ban ji daɗi ba, domin wasa ya zo yi, ba zaman jiran warkewa ba.

Abin da na koma yi shi ne na daina saurin rubuta mataki na uku. Nakan faɗi haɗarin ƙarara kafin a jefa, in kuma tuna musu sulke yana rage rauni. Wanda ke son ya kutsa cikin mutum goma ya fito yana murmushi, wannan wasan zai takura shi. Mu dai mun zauna a kansa, kuma jarumar nan, duk da takardarta ta nuna ta warke, har yanzu mai ita yana sa ta ɗingisa idan sanyi ya sauka a Doskvol.